Yadda za ka je aiki ka dawo lafiya a titunan Kano duk da masu tuƙin ganganci

Tun ranar da na ba da labarin ɗan sahun da ya yanko gabana a Unguwa Uku ya tsaya cak don ɗaukar fasinja, mutane ke ta tambayata abu guda: to kai yaya kake yi kullum? Wasu sababbin direbobi ne da ba su daɗe da karɓar lasisi ba. Wasu kuma sun shekara goma suna tuƙi, amma har yau kafin su isa wurin aiki ransu ya gama ɓaci, kai na sara musu. Akwai wata baiwar Allah da ta ce ta ajiye motarta ta koma hawa adaidaita sahu saboda tsoro, abin da ya taɓa min zuciya ƙwarai.

Ni hanyata daga Na'ibawa ce zuwa Bompai, ta titin Zariya, safe da yamma. Abin da zan faɗa a nan shi nake yi da kaina. Tushensa kuwa ɗaya ne: ba ka da iko da kan direban da ke gabanka, ba za ka koya masa tuƙi a tsakiyar titi ba. Abin da ke hannunka shi ne tazara da lokaci, kuma duk matakan nan hanyoyin samun su ne.

1. Duba mota tun da daddare

Mai ganganci zai tilasta maka taka birki ba shiri. Ranar da hakan ta faru, taya da birki ne za su fitar da kai, don haka daga su ake farawa.

Ka duba gefen kowace taya, za ka ga lambobi huɗu a jere cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar taya ta ƙare aiki bayan shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta bai cinye ba. Tayar gwanjo da yawa tun kafin ta iso hannunka ta wuce wannan wa'adi, ga kuma zafin kwaltarmu a watan Afrilu.

Iska kuma ka daina bar wa mai faci ya ƙiyasta da bugun hannu. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ƙarfen da ke nuna adadin da kamfani ya tsara wa motar. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35 a ma'aunin iskar taya na PSI. Da safe ake aunawa, taya na sanyi.

Sai man birki, ruwan waifa, da fitilun baya. Sa yaro ya tsaya a bayan motar ka taka birki ka kunna sigina hagu da dama, ya faɗa maka wadda ba ta kamawa. Ƙwan fitila ba shi da tsada, amma rashinsa ne ke sa a dake ka ta baya.

Gargaɗi: in ka taka birki ka ji ya yi laushi yana nutsewa, ko ka ji ƙarar ƙarfe na gogar ƙarfe, kada ka ce sai ƙarshen wata. Gobe wajen bakanike za ka fara zuwa.

A but ɗinka a samu safaya mai iska, jak, sifanar kwance taya, alamar nan mai kusurwa uku, da tukunyar kashe gobara. A aljihun gaba kuma lasisi da takardun mota da inshora. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, naira 15,000 ce a shekara ga motar gida tun Janairun 2023, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan uku. Ta bogi ta yi yawa a gari. Ka shiga shafin NIID na kamfanonin inshora ka saka lambar motarka, in bayanin inshorarka bai fito ba takarda kawai aka sayar maka.

2. Fita da wuri

Ka ƙara minti ashirin a kan lokacin da tafiyar ke ci. Wanda ya makara shi ne ke kutse, shi ne ke bin bayan mai aron hannu, shi ne ke tsallake danja. Yawancinmu ba mugaye ba ne, makara ce ke mayar da mu irin direban da muke zagi.

Ga lissafi mai sauƙi. Tafiyar kilomita 12 a gudun kilomita 40 a sa'a minti 18 ce. A gudun 50 minti 14 da 'yan daƙiƙu. Duk wannan zafin nama bai saya maka ko minti huɗu ba, kuma danja ɗaya za ta cinye su. Iyakar gudun cikin gari a dokar hanya 50 ne.

Ka san lokutan hanyarka. Tsakanin bakwai da takwas na safe masu kai yara makaranta sun cika titi. Ranar Juma'a daga azahar wasu titunan kusa da masallatai ana rufe su. Da yamma kuma in 'yan Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari suka tashi, duk hanyar da ke fita daga cikin gari sai ta cushe.

3. Kafin ka saka giya

Ɗaura bel, kai da duk wanda ke ciki. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 baya za su zauna, ba a cinyar wanda ke gaba ba. Gyara madubai uku ta yadda gefen motarka kaɗan kawai za ka riƙa gani a na waje.

Waya kuma ka sa ta inda hannunka ba zai kai ba. A gudun 50, mota tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Kallon saƙo na daƙiƙa uku ya zama ka yi tafiyar mita 40 ido rufe, a titin da yaro mai talla zai iya ɓullowa daga bayan kowace mota.

4. Tazara

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan daɗe a kai.

Zaɓi wani abu a gefen titi, falwaya ko allon talla. Da zarar motar gabanka ta gifta shi ka fara ƙirga a hankali: dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku. In ka iso wurin kafin ka gama, ka matse da yawa, ɗaga ƙafa daga totur. In ana ruwa ko hazo ya sauka, ninka ƙirgar. Dalili shi ne nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ba ya tafiya daidai da gudu: in ka ninka gudu sau biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkuwa.

Na san abin da za ka ce, don kowa shi yake faɗa min. A Kano in ka bar tazara wani zai shige. Gaskiya ne, zai shige. Bar shi ya shige, ka sake buɗe wata. A tafiya guda wataƙila mutum goma su yi maka haka, kowanne ya ci maka tsawon mota ɗaya. Duka-duka bai kai minti guda ba. Shi kuwa dukan baya, kowa ya san hukuncinsa a titi: wanda ya daki baya shi ne mai biya, ko da na gaban ne ya yi wauta. Ka rasa yini guda wajen mai gyaran jiki, ka sayi fitila, ka sayi bamba, kai da motar wani.

A cikin gosulo, in ka tsaya, tsaya inda kake hango tayoyin bayan motar gabanka suna taɓa ƙasa. Wannan filin ya ishe ka ka murɗa sitiyari ka fice in ta mutu a wurin, ko in ta gangaro baya a hawan gada, abin da tsofaffin motocin haya ke yawan yi.

In wani ya manne maka a baya yana ta haska maka fitila yana danna hon, kada ka taka birki don ka ba shi tsoro. Na ga masu yin haka, kuma haɗari ne da gangan. Ƙara tazarar da ke gabanka, don in za ka tsaya ka tsaya a hankali, sannan da ka samu sarari ka koma hannun dama ya wuce. Gara ya kasance a gabanka inda kake ganinsa.

Idonka kuma kada ya tsaya a kan bambar da ke gabanka. Hango mota uku ko huɗu gaba. In jan fitilarsu ta kama, kai ka fara rage gudu tun kafin na gabanka ya farga.

5. Yadda ake karanta ɗan sahu

Tun da aka hana acaba ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, adaidaita sahu ta zama ƙafar gari, kuma da ita za ka fi gogayya. Mutane da yawa suna zaton ɗan sahu ba a iya sanin abin da zai yi. Ana iyawa, in ka gane abin da yake kallo. Yana da balas ɗin da zai kai wa mai mashin da daddare, ga kuɗin mai, don haka idonsa yana bakin titi yana neman fasinja.

To kai ma kalli bakin titin. In ka ga mutum tsaye ya ɗaga hannu, ko mace da kaya tana leƙe, ka sani duk adaidaitar da ke da gurbi a ciki za ta karkata can ba sigina, ko da daga hannun hagu take. Ka leƙa cikinta ta baya: in ba ta cika ba, farauta take. In ta cika, saura ka lura da fasinjan da ya taɓa kafaɗar direba ko ya fara laluben kuɗi, alamar sauka ce.

Kada ka taɓa wuce adaidaita ta hannun damanta, tsakaninta da bakin titi. Nan za ta faɗo, nan kuma fasinja zai sako ƙafa. Wadda ta tsaya ma ka ba ta fili in za ka gifta, don tashi take yi ba duba madubi, sau da yawa ma madubin babu.

Wata dabara da ta daɗe tana yi min amfani: kalli tayar gaba. Sigina tana ƙarya, wani ya manta da ita a kunne tun Gyaɗi-Gyaɗi, amma tayar gaba inda ta juya can abin hawa zai nufa. Haka nake yi wa kurkura mai ɗaukar kaya, haka nake yi wa motar da ta yi fakin a gefe.

6. Tirela, tanka da tifa

Masu bin titin Katsina suna haɗuwa da manyan motocin Dawanau, masu bin Hotoro da titin Maiduguri suna haɗuwa da tankoki, mu 'yan titin Zariya kuma duk mai shigowa daga kudu ta kanmu yake bi.

In ba ka ganin madubin direban babbar mota, shi ma ba ya ganinka. Gefen damansa da daf da hancinsa su ne wuraren da ƙaramar mota ke ɓace masa gaba ɗaya.

Gargaɗi mai girma: tirela in za ta sha kwanar dama, hagu take fara buɗewa. Wannan filin da ya buɗe a damanta tarko ne, kada ka shiga. Jelarta za ta rufe shi.

Kada ka shiga gabanta ka taka birki, nauyinta ba zai bari ta tsaya inda taka za ta tsaya ba. A hawan gada kada ka zauna daf da bayanta. In kuwa ka ga kayanta sun karkace ko kwantena ba a ɗaure ba, kada ka jera da ita ko na daƙiƙa biyar, ko ka wuce gaba ɗaya ko ka ja baya sosai.

7. Shataletale da danja

A shataletale wanda ke ciki, mai zuwa daga hagunka, shi ke da hanya. Haka doka ta ce, amma kada ka dogara da cewa kowa ya sani. Shiga layin da za ka fita tun da nisa. Kalli fuskar direban da ke shirin shigowa, in bai kalle ka ba ka ɗauka bai gan ka ba.

In danja ta ba ka hannu, kada ka fizgi mota nan take. Duba hagu, duba dama, sannan ka tashi. Daƙiƙu biyun farko na kore su ne lokacin da mai tsallake ja yake wucewa a guje. Na bayanka zai danna hon, ƙyale shi. In jami'in KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ko ɗan sanda yana ba da hannu a wurin, hannunsa ake bi ko fitila na aiki.

8. Masu aron hannu

Babu abin da ke ƙona min rai kamar wannan. Gosulo ya haɗu, kowa ya yi haƙuri yana layi, sai wani ya fice ya hau hannun masu tahowa, mutum biyar su bi shi. Su je gaba su toshe, sai hanyar ta kulle ta kowane ɓangare, har motar asibiti ta rasa wajen bi.

Kada ka bi su, ko da ka ga sun yi nisa. In kuma kai ne suka tunkaro a hannunka, rage gudu, kunna fitila, matsa dama, ka tsaya in ta kama. Kada ka kauce zuwa hagu, domin shi ma in ya firgita can zai koma, ku haɗu. Kada kuma ka ce sai ka nuna masa hanyarka ce. Gaskiyarka ba ta hana ƙarfe lanƙwasa.

A titi mai hannu biyu da aka raba, kafin ka shiga ko ka tsallaka duba ɓangarorin biyu, har wanda bai kamata mota ta fito ba. Babur da adaidaita daga can suke ɓullowa.

9. In ranka ya ɓaci

Zai ɓaci. Wanda ya yi maka laifi shi zai leƙo ya yi maka daƙuwa. Abin da nake yi shi ne in ɗaga gilas, in riƙe sitiyari hannu biyu, in yi a'uziyya, in bar shi ya yi gaba. Ba na kallon idonsa, ba na bin sa, ba na sauke gilas in rama. Ba ka san wanda ke cikin motar ba, ba ka san abin da ya sha ba, ba ka san abin da ke ƙarƙashin kujerarsa ba.

Hon gajere ake yi, na cewa ga ni nan. Mai tsawo zagi ne, kuma haka ake fassara shi. In kai ne ka yi kuskure, ɗaga hannu ka ce "Malam yi haƙuri". Sau da yawa na ga wannan kalma ta kashe wutar da ta fara ci.

In wani ya biyo ka bai rabu da kai ba, kada ka nufi gida. Nufi ofishin 'yan sanda ko gidan mai mai jama'a.

10. In an goge ka

Tsaya, kunna sigina biyu, kashe mota. Abin da za ka fara tambaya lafiyar mutane ce: "Sannu, ba wanda ya ji ciwo dai?" Wannan tambaya tana sauya yadda sauran maganar za ta tafi.

In akwai rauni, kira 122 na hukumar kiyaye haɗurra ko 112. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a ciccibe shi, sai in akwai barazanar wuta. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa a baki. Mai zubar jini a danne wurin da ƙyalle mai tsabta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, don haka kada jiran takarda ya hana a kai mutum.

Gargaɗi: in ka ga taro ya fara zafi ana buga motarka, kada ka tsaya gardama. Wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai rahoto da kanka.

In ƙarfe ne kawai ya taɓu, ɗauki hoto kafin a motsa komai: yadda motocin suka tsaya, lambar ɗayar, wurin da ya lotse, da titin kansa. In adaidaita ce ɗauki lambar da ke rubuce a jikinta. Sannan ku janye gefe ku buɗe wa jama'a hanya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar motoci a tsakiyar titi ana cacar baki a kan ɗan ƙarcen fenti, bayin Allah ɗari suna jira a rana.

Za a taru a kanka ana "Alhaji a yi haƙuri, tsautsayi ne". Yafiya taka ce, in ka ga dama ka yi, kuma wani lokacin in ka dubi wanda ya yi ɓarnar ka san ba shi da abin biya. In kuwa za a biya, kada ku yanke kuɗi a bakin titi da ka. Ku tafi tare wajen mai gyara ya faɗi farashi, a gaban shaida, ka karɓi lambar wayarsa ka kira ta a nan take ka ji ta yi ƙara. In shi yaron wani ne, a kira mai motar. In ɓarnar babba ce, a kai rahoto ga 'yan sanda a sanar da kamfanin inshora da wuri, don za su nemi rahoton da hotunan.

11. Dawowa da yamma

Ta fi tafiyar safe haɗari. Kowa ya gaji, kai ma haka. Dab da magariba ido yana ruɗuwa, ka kunna fitila tun kafin duhu, ba don ka gani ba kaɗai, don a gan ka. Akwai masu tafiya da fitila ɗaya, ka zaci babur ne ashe mota ce, don haka duk haske ɗaya ka ba shi filin mota. In mai tahowa ya dalle ka da babbar fitila, kada ka rama, mayar da idonka gefen dama na titi ka rage gudu.

Lokacin hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙaramar fitila ake kunnawa, babbar tana dawo maka da haske ne a ido. Da damina in ruwa ya rufe titi kada ka bi gefe, can kwata take, bi sawun motar da ta riga ka wucewa, bayan ka fita ka ɗan tattaka birki ya bushe.

Da azumi kuwa, rabin sa'ar da ke gaban buɗa baki ita ce mafi muni a shekara. Ka ajiye dabino da ruwa a mota. In lokaci ya cim maka a hanya, sami wuri ka yi fakin sosai, ka sha ruwa, ka yi sallah a masallacin da ke kusa, sannan ka ƙarasa gida titi ya yi sarari.

In ka shigo layinku sauka zuwa giya ɗaya ko biyu, don a lokacin yara suna waje. Kafin ka yi baya ka shiga gareji, fito da ƙafarka ka zagaya bayan motar ka duba, madubi ba ya nuna yaron da ya tsuguna.